Yadda 'yar wasan gara ƙwallo a kan ciyawa za ta kai ga gasar duniya: hanyar Jo Edwards

Wasan lawn bowls, wato gara ƙwallo a kan shimfiɗaɗɗiyar ciyawa, ba ya cikin wasannin Olamfik, saboda haka duk macen da ke son yin suna a cikinsa, idonta yana kan gasar ƙasashe renon Ingila da gasar cin kofin duniya da hukumar World Bowls ke shiryawa. Jo Edwards ta ƙasar Niyu Zilan ta ci zinare a duka biyun, kuma hanyar da ta bi ta isa a yi koyi da ita.

Abin da za a fara ƙwarewa a kai shi ne halin ƙwallon kanta. Ba a ƙera ta daidai wa daida ba, gefe ɗaya ya fi rinjaye, shi ya sa ba ta tafiya miƙe, sai dai ta yi lanƙwasa kafin ta tsaya kusa da ƙaramar ƙwallon da ake hari, wadda ake kira jak. A wasan mutum ɗaya kowace 'yar wasa tana da ƙwallo huɗu, kuma a yawancin manyan gasanni wadda ta riga kaiwa maki 21 ita ce ta yi nasara. Ana koyon wannan a kulob, sannan a shiga gasannin ƙasa, inda masu zaɓen tawaga suke sa ido.

Bayan haka sai a yarda da wasan haɗin gwiwa, kuma a nan ne masu gaggawa suke tuntuɓe. Edwards ba da wasan mutum ɗaya ta fara ɗaukar babban zinare ba. A 2002 a Manchesta ta ci gasar 'yan bibbiyu ta ƙasashe renon Ingila tare da Sharon Sims, suka kuma ci kofin duniya a Leamington Spa ta Ingila a 2004, sannan ta maimaita hakan da Val Smith a Christchurch a 2008. Sai a 2014, shekara 12 bayan Manchesta, ta ci zinaren mutum ɗaya na gasar ƙasashe renon Ingila a Glasgow da ta doke Natalie Melmore ta Ingila, ta kuma kare shi a Gold Coast a 2018 a kan Laura Daniels ta Wales. A ganina, shekarun da ta yi tana karanta fili tare da abokiyar wasa, tana auna lokacin da ya dace a lallaɓa ƙwallo da lokacin da ya dace a buge ta abokiyar hamayya da ƙarfi, su ne suka gina waɗannan nasarori biyu.

Wajibi ne kuma a saba da filayen ƙetare. Filayen Niyu Zilan da Ostareliya suna da santsi da sauri, ƙwallo tana yin lanƙwasa mai faɗi a kansu, alhali na Birtaniya sun fi nauyi, suna buƙatar ƙarin ƙarfin hannu da matsattsen layi. Da daƙiƙa ake auna saurin fili, kuma abin da ke rikita sabon shiga shi ne, filin da ya fi sauri shi ne mai daƙiƙa mafi yawa, domin ƙwallon da aka saki a hankali ta fi daɗewa tana gangarawa. Wadda aka zaɓa zuwa gasa a wani yanki, ya kamata ta nemi fili mai irin wannan nauyin ta yi atisaye a kansa tun kafin tafiya, ta kuma zaɓi ƙwallayen da lanƙwasarsu ta dace da shi.