Yadda za ka hana tagar ɗakinka zufa a sanyin Ingila

Kowace shekara, da an kai ƙarshen Oktoba an mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai 'yan uwanmu sababbin zuwa su fara turo mini hoto iri ɗaya: gilashin taga ya jiƙe sharkaf, ruwa ya kwanta a dakalinta. Tambayar ma ba ta canzawa: "Malam, tagar nan yoyo take yi, in kira mai gidan?" Yawancinsu ɗalibai ne da suka sauka a Satumba, sai ma'aikatan jinya. Abin da nake gaya musu shi ne tagar lafiyarta ƙalau. Ruwan nan daga numfashinka da tukunyarka da wankinka ya fito.

Ba na ganin laifinsu. Sanyin da muka sani a Kano ko Katsina busasshe ne, mai fasa leɓe da kaushi, ka shanya riga da hantsi kafin azahar ta bushe ƙarau. Na nan kuwa da laima yake zuwa, ga gidajen a rufe ruf. Amma ai kowa ya taɓa fito da kwalbar lemo daga firji ya ga tana zufa. To, tagarka ita ce kwalbar. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi ɗaukar tururi: a digiri 20 kowace mita kubik tana iya riƙe kusan giram 17 na ruwa, a digiri 10 kuwa wajen giram 9 kacal. Da iskar ɗaki ta taɓa gilashi mai sanyi sai ta sauke abin da ya fi ƙarfinta. Idan ɗakinka yana digiri 20, danshinsa kashi 60 cikin ɗari (wato iskar na ɗauke da kashi 60 na ruwan da za ta iya riƙewa), duk abin da sanyinsa ya kai digiri 12 zai jiƙe. Ka rage danshin zuwa kashi 50, sai gilashin ya sauka wajen digiri 9 kafin ya fara zufa. Aikin gaba ɗaya a kan wannan ratar yake.

Mataki na farko: gano inda ruwan yake

Ka sa yatsa a gilashin. In ya jiƙe daga ciki, wannan rubutu naka ne. In a waje ruwan yake, raɓa ce, kuma alama ce tagar mai kyau ce, ba ta barin ɗumin gida ya fita. Ka ƙyale ta, rana za ta ɗauke. Irin wannan ne masu na'urar sanyaya ɗaki suke gani a Abuja da damina, sai dai can sanyin ne a ciki. In kuwa tagar mai gilashi ninki biyu ce, hazon kuma yana tsakanin gilasan biyu, ka goge ciki ka goge waje yana nan, to liƙin gefen tagar ne ya mutu. Babu dabarar da za ka yi masa, canji yake so, kuma aljihun mai gida zai ji, ba naka ba.

Mataki na biyu: sayi ma'aunin danshi

'Yar ƙaramar na'ura ce kamar agogon tebur, ba ta kai fam 10 ba, tana nuna zafin ɗaki da danshinsa. Ka ajiye ta a ɗakin kwana, nesa da hita. Abin da ake so shi ne tsakanin kashi 40 da 60. A ra'ayina duk wanda bai sayi wannan ba kada ya sayi komai, domin na ga mai kashe fam ɗari da wani abu a kan na'urar tsotse danshi alhali bai san ko ɗakinsa na kashi 55 ne ko 80 ba.

Mataki na uku: shanya

Nan ne na sha kashi, don haka a nan zan daɗe. Sanyina na farko a wani tsohon gida na yi shi a arewacin Ingila, ɗaki ɗaya a sama. Injin busar da kaya na wurin wanki kuɗi yake ci, ni kuwa kowane fam sai na juya shi zuwa naira a zuciya kafin in kashe. Sai na ga ai ga hita nan a jikin bango, da zafinta, kyauta. Na riƙa lulluɓe ta da jiƙaƙƙun kaya, in rufe ƙofa, in ja labule, in kwanta ina yaba wa kaina wayo. Da safe kaya sun bushe, taga tana kuka. Ban taɓa haɗa biyun ba.

Wanki guda da ya fito daga inji yana iya riƙe ruwa kusan lita biyu. Ruwan ba ɓacewa yake yi ba in kaya sun bushe, iskar ɗakin yake shiga, ya nemi wuri mafi sanyi ya sauka. Taga ce kawai inda ido ke gani. Sauran yana bayan kabad, da kusurwar silin, da ƙarƙashin katifa. A watan Fabrairu na ja kabad ɗina don neman wata takarda da ta faɗa baya, sai na tarar da bangon ya yi baƙi ƙirin daga ƙasa har tsayin ƙirjina, fentin ya kumbura yana ɓarewa. Na buɗe kabad ɗin, shaddar da na yi tanadi don Sallah ta yi tabo-tabon funfuna a kafaɗa, hulunana biyu sun yi gashi fari-fari, ga wani wari kamar na tsohuwar rijiya. Da zan tashi daga gidan, kuɗin fenti daga kuɗin ajiyar da na bai wa mai gida lokacin kama haya aka cire.

Ga yadda nake yi yanzu. In inji ya gama wanki, sai in sake sa shi ya matse kayan karo na biyu. Minti goma ne, amma ruwan da ke fita zai ba ka mamaki. Sannan in baza su a kan mashanyar ƙarfe, kowace riga da tazara, a ɗaki guda, ƙofa a rufe, taga a ɗan buɗe, ko a banɗaki fankar da ke zuƙe iska zuwa waje na aiki. Ɗakin kwana ba wurin shanya ba ne, kuma ba a ɗora kaya a kan hita, ko da safa ce. Wannan doka ce a gidana. In rana ta leƙo da 'yar iska, ko da sanyi, a fitar da su waje, sukan rage ruwa sosai.

Mai iyali da wanki kullum, musamman mai jariri, ya daure ya sayi na'urar tsotse danshi. Ka rufe ta da kayan a ɗaki ɗaya, ka dawo ka ga ruwan a tankinta da idonka. Mai kwamfireso irin na firji ba ta cin wuta sosai, yawanci wat 200 ne ko kusa da haka, amma ƙarfinta na raguwa in ɗakin ya yi sanyi ƙasa da digiri 15. Ɗaki mai sanyi sosai sai ɗaya nau'in, mai busarwa da sinadari, wadda ta fi cin wuta. Su kuwa 'yan robobin nan masu gishiri a ciki da ake sayarwa fam ɗaya, sai dai cikin kabad. A sa su su busar da ɗaki kamar a ce a kwashe kogi da ludayi ne.

Mataki na huɗu: kicin da banɗaki

Girkinmu ba irin nasu ba ne. Wake, ganda, ƙafar saniya, ruwan tuwo, duk abubuwa ne da ke daɗewa suna tafasa. A rufe tukunya, a rage wuta in ta tafasa, a kunna fankar saman murhu tun kafin tururi ya tashi, a rufe ƙofar kicin. Ki duba fankar, uwargida: wasu ba su da bututu zuwa waje, ƙamshi kawai suke tacewa su dawo da tururin. In irin wannan ce sai a buɗe taga. Tukunyar matsi, wato pressure cooker, tana rage lokaci da tururi da kuɗin gas gaba ɗaya. Shi kansa gas in yana ci ruwa yake fitarwa, shi ya sa kunna murhu don ɗumama gida ɓarna biyu ce, ga haɗarin iskar guba.

Banɗaki kuma mu sau biyar muke jiƙa shi a rana saboda alwala. A sa abin goge ruwa a share ƙasa da tayil, a bar fanka ta yi minti 15 zuwa 20 bayan wanka, ƙofa a rufe. Na sha shiga gida na tarar an kashe fankar daga makunninta na waje wai tana ƙara. A kunna ta.

Mataki na biyar: buɗe taga, ko ana sanyi

Wannan ne mutanenmu suka fi ƙi. Sai a ce, "Wutar da na biya zan watsar waje?" Wani kuma ya ce ai waje ya fi ciki laima. Ba haka ba ne. Iskar waje mai sanyi ruwan da ke cikinta kaɗan ne ko da ana yayyafi, in ta shigo ta ɗumama sai ta zama busasshiya. Da safe ka wangale tagogi biyu masu kallon juna na minti 5 zuwa 10, sannan ka rufe. Jamusawa sun mayar da wannan al'ada. Iska ta canza, bango da kujeru ba su kai ga hucewa ba. Ka kalli ma'auninka kafin da bayan.

A saman firam ɗin tagogin zamani akwai 'yar siririyar kafa mai murfi. Don iska aka yi ta. Na ga an liƙe ta da salatif, na ga an cusa mata tsumma. A buɗe ta, a bar ta haka duk sanyin. Ɗakin da mutum biyu ko uku suka kwana a rufe dole tagarsa ta jiƙe, numfashi kaɗai ya isa, don haka a ɗan sassauta ƙofa da dare.

Mataki na shida: ɗumi da sauran ƙananan abubuwa

Gida ya zauna a wajen digiri 18 ya fi a ƙure hita awa biyu a kashe, domin in bango ya yi sanyi shi ma zufa zai yi. Kada labule ya rufe hita, kuma a zuge shi da safe. Kabad da gado su bar tazarar tafin hannu daga bangon da ke kallon waje. Hitar gas ta tafi-da-gidanka da ta kananzir ruwa suke zubawa cikin iska, kada su shigo. Duk safiya a goge gilashi da dakali, a matse tsumman a sinki. Kar a shanya shi a kan hita.

In funfuna ta riga ta fito

Ɗan tabo a gefen taga, sa safar hannu, buɗe taga, goge da maganin funfuna na kanti, ka jefar da tsumman. Kada a kankare ta a bushe, kuma kada a haɗa bilic da wani sinadarin wanki. Amma in ta mamaye bango, ko ka yi duk abin da na faɗa tana dawowa, ko ka ga jiƙa tana tasowa daga ƙasan bango ko daga rufi, matsalar ginin ce. Ba abin wasa ba ne ga yara da masu asma. A Disamban 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, ya rasu a Rochdale, kuma binciken da aka kammala a Nuwamban 2022 ya tabbatar funfunar gidansu ce sanadi, bayan iyayensa sun daɗe suna kai kuka ana ɗora laifin a kan yadda suke zama. Dokar da ke ɗauke da sunansa ta fara aiki a Oktoban 2025 a kan gidajen haya na ƙananan hukumomi da na ƙungiyoyin gidaje a Ingila. Ka ɗauki hotuna masu kwanan wata, har da na ma'aunin danshinka, ka rubuta wa mai gida ta imel maimakon kiran waya. In ya yi shiru, ka kai ƙara sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukumarku, su ma masu hayar gidan 'yan kasuwa suna da wannan damar.