Babi na 6: Mene Ne a Zuciyar Yarona?

Darasi na 1: Tsaya tukuna

Kodin, tiramadol, barasa da sauran kayan maye suna taɓa sashen ƙwaƙwalwar da ke sa uwa ta ji daɗin ɗanta. Shi ya sa kukan jariri kan zame wa mai sha tamkar tsokana, har ya tayar mata da sha'awar shan. Wannan ba rashin ƙauna ba ne, kada ki zargi kanki.

Idan yaro ya fara kuka, ja numfashi a hankali sau 3. Sannan ki tambayi kanki: "Ni me nake ji?" Gajiya ce, haushi ne, ko jikinki ne ke neman abin? Faɗi amsar da baki.

Darasi na 2: Tambaya ta biyu

A nan ake yawan tuntuɓe, don haka za mu daɗe. Tambayar ita ce: "Shi me yake ji?"

Duba fuskarsa da hannuwansa. Idan yana tsotsar yatsa yana juya kai, wataƙila yunwa ce. Idan yana murza ido yana kau da fuska, ya gaji, hayaniya ta ishe shi. Mu ce "wataƙila" domin zuciyar yaro ba a ganinta, zato ake yi. Gwada abu ɗaya. In bai yi shiru ba, sake tambayar: shi me yake ji?

Wasu za su ce: "Da gangan yake min." A'a. Jariri bai san gangan ba. Kuka yakan yawaita wajen mako 6 da haihuwa, ya ragu a wata 3 zuwa 4. Jaririn da aka sha ƙwaya da cikinsa kuwa yakan yi kuka mai tsini, jikinsa na rawa, cikin kwanakin farko. Shi ma jikinsa ne ke wahala. Rage haske, naɗe shi da zane, ki ɗora shi a ƙirjinki, kuma ki nuna wa likita.

Rubuta a littafinki sau 5: Shi me yake ji? Sannu a hankali, za ki iya. Wadda ta rubuta "me yake min" ta goge ta sake. An faɗa an maimaita, haba! "Yake ji" aka ce.

Darasi na 3: Idan ranki ya ɓaci

Kada ki jijjiga jariri, yana iya lalata masa ƙwaƙwalwa. Kwantar da shi rigingine a shimfiɗarsa, ki fita na minti 5. Da kin dawo, sake tambayar nan.

In kin sha wani abu, kada ki kwana da shi a shimfiɗa ɗaya. Miƙa shi ga babba wanda bai sha ba.

Darasi na 4: Neman taimako

Mai ciki kada ta daina ƙwaya lokaci guda sai da shawarar likita. Mai shayarwa ta gaya wa likita abin da take sha.