Iyaye mata, kafin ki biya kuɗin gyaran ƙashin baya

'Yar uwa, in ciwon baya ya dame ki, fara gyara yadda kike ɗaukar yaro tukuna.

Kada ki sunkuya daga ƙugu. Ki durƙusa, ki jawo shi jikinki har ya manne da ƙirjinki, sannan ki miƙe da ƙarfin cinyoyinki. In kina riƙe da shi, kada ki murɗa ƙugu. Ki juya gaba ɗaya da ƙafafunki. Ki riƙa sauya ɓangaren da kike saɓa shi.

Dalili kuwa, duk nauyin da ya yi nesa da jiki, ƙasan baya ne ke ɗaukarsa. Ga tsokar ciki ba ta gama komawa ba bayan haihuwa. Yawancin irin wannan ciwo kan lafa cikin mako 4 zuwa 6 in ana motsa jiki. Yawan kwanciya na iya ƙara shi.

In har za ki je wurin masu gyaran, a ganina kada ki biya kuɗin zuwa da yawa lokaci ɗaya. Gwada kaɗan, ki ga ko da sauƙi. Ƙarar nan "ƙas" da kike ji lokacin da suke danna bayan, iska ce a cikin gaɓa, ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba. Ki faɗa musu in kina da juna biyu ko an yi miki tiyata.

Amma in ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko da zazzaɓi, ko kin faɗi ne, ki tafi asibiti ranar.