Yadda ake auna saurin aikin sinadarai da ɓawon ƙwai

Ɗaliban unguwannin Nima da Mamobi a Accra masu shirin jarrabawar gama sakandare ta WASSCE suna haddace abubuwan da ke hanzarta haɗuwar sinadarai, amma kaɗan ne suka taɓa gani da idonsu. Alhali kayan gwajin ba su wuce teburin mai shayi ba.

Ka roƙi mai shayin layinku ɓawon ƙwai huɗu. Sai ka nemi ruwan khal, wato binega, a kasuwar Nima, da robobin ruwa huɗu iri ɗaya, da balan-balan huɗu. Agogon wayarka ya wadatar.

Wanke ɓawon, ka ɓare farar fatar nan ta ciki, ka shanya ya bushe. Kada ka yi ƙyuya a nan, fatar tana hana ruwan khal taɓa ɓawon, kuma tana tara kumfa. Ka farfasa uku kamar girman farce, na huɗun ka daka shi ya zama gari.

Zuba ruwan khal mililita 100 a kowace ɗaya daga robobi uku. A ta huɗu, 50 na khal da 50 na ruwa. Ɗura ɓawon kowane ƙwai cikin balan-balan, ka ɗaura a bakin roba, ka ɗaga ya zube, ka danna agogo. Ɓawon kalsiyam kabonet ne, yana haɗuwa da asid ɗin da ke cikin ruwan khal sai iskar kabon dayoksaid ta tashi. Lokacin da balan-balan ya miƙe tsaye za ka rubuta.

Roba ta farko ita ce ma'auni: ɓawo farfasasshe, khal zalla. Ta biyu, garin. Ta uku ka tsoma ta a ruwan ɗumi tukuna, sai ta ɗumama sannan ka ɗaura balan-balan. In ka riga ka ɗaura, iskar cikin robar ce za ta kumbura saboda zafi, ta ruɗe ka. Abu ɗaya tak ake canzawa a kowace roba, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi aikin ba.

Garin zai riga ma'aunin miƙewa, sirkakken kuwa sai ka gaji da jira. Dalili ɗaya ne: sai ƙwayoyin asid sun yi karo da ɓawon da isasshen ƙarfi. Daka yana ƙara wurin karon, sirki yana rage masu karon, zafi kuma yana ƙara musu ƙarfi. Svante Arrhenius ɗan Suwidin ne ya fayyace lissafin zafin a 1889. A yawancin haɗe-haɗe, ƙarin digiri 10 kan kusan ninka saurin, shi ya sa ƙullun koko yake saurin tsami a zafin Maris fiye da sanyin Agusta.

Daga ƙarshe ka raba 1 da daƙiƙoƙin kowace roba. Wadda ta ba da lamba mafi girma ita ta fi sauri.