Yadda Ake Ɗinka Wa Yarinya Siket Mai Roba

'Yan uwa masu yawan tambayata siket ɗin da nake ɗinka wa yarana, ga matakan:

1. Ki wanke atamfa yadi 1 tukuna, don takan motse.
2. Ki auna ƙugun yarinyar.
3. Ki auna daga ƙugu zuwa gwiwa.
4. Ki yanka: faɗi ninki biyun ƙugu, tsawo ki ƙara inci 3.
5. Ki ɗinke gefe biyun, fuskar atamfar tana ciki.
6. Ki kalmashe saman inci 1 da rabi, ki bar 'yar kafa.
7. Ki yanke roba, ta gaza ƙugun da inci 1.
8. Ki zura ta kafar da fil.

Hattara! A nan roba ke murɗewa, ta riƙa cin cikin yarinya. Ki shafa da yatsa ki tabbatar ta kwanta.

9. Ki ɗinke bakin robar sau biyu.
10. Ki rufe kafar.
11. Ki kalmashe ƙasan siket ɗin.