Darasi na 9: Yaron da Ke Ɗingishi Alhali Bai Faɗi Ba

A wata unguwa ta cikin garin Bauchi akwai yaro ɗan shekara 6 wanda mahaifiyarsa ta lura yana ɗingishi duk yamma idan ya taso daga Islamiyya. Bai faɗi ba, jikinsa ba zafi, kuma babu kumburi a ko'ina. Idan ta tambaye shi, sai ya dafa gwiwarsa ya ce, "Umma, nan ne yake mini ciwo." Kakarsa ta ce targaɗe ne, aka kai shi wurin mai ɗori, aka yi ta murza gwiwar da man zafi har wata uku, ɗingishin kuwa sai ƙaruwa yake yi.

Ranar da aka kai shi asibiti, likita ya kwantar da shi rigingine, ya lanƙwasa ƙafar, ya juya cinyar zuwa ciki, nan take yaron ya yi ƙara. Da likita ya rubuta a ɗauko hoton ƙashin ƙugu, mahaifin ya ce, "Likita, ai gwiwa yake kuka da ita." Likita ya amsa, "Malam, gwiwarsa lafiya lau take. Jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo daga ƙugu su ne suke sauka har gwiwa, shi ya sa yaro yake nuna inda ba nan cutar take ba."

Gaɓar ƙugu kamar turmi da taɓarya take. Kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana zaune a cikin wani gurbi inda yake juyawa. Hoton ya nuna wata cuta ce ta kama wannan gaɓa ta yaron. A wannan cuta jinin da ke ciyar da kan ƙashin ne yake yankewa na wani lokaci, sai ƙashin ya yi laushi kamar curin fura, wanda idan aka danna shi zai baje. Ana kiranta cutar Perthes, sunan wani likita Bajamushe, ɗaya daga cikin likitoci uku da suka bayyana ta a shekarar 1910, sauran biyun daga Amurka da Faransa. Ta fi kama yara masu shekara 4 zuwa 10, maza sun ninka mata wajen sau huɗu, kuma galibi ƙafa ɗaya take taɓawa. Jinin yakan dawo da kansa, sabon ƙashi ya maye gurbin wanda ya mutu, amma aikin yakan ci shekara 2 zuwa 4. Duk ƙoƙarin likita shi ne kan ƙashin ya zauna daram a gurbinsa har ya sake tauri a mulmule.

A nan ne wahalar take, kuma a ganina iyaye ba su cika lura da nauyinta a zuciyar yaro ba. An hana shi gudu da tsalle, an ba shi sanduna biyu yana dogarawa, ana kai shi sashen gashin ƙashi inda ake koya masa buɗe cinyoyi don kada gaɓar ta sage. Da la'asar yakan zauna a bakin zaure, sandunansa a jingine da bango, yana kallon sa'o'insa suna langa da ƙwallo. Wata rana ya saci jiki ya shiga wasan, da dare kuwa ya kasa barci don ciwo. Mahaifiyarsa ba ta doke shi ba, sai ta roƙi yayansa ya riƙa tara abokai a zaure suna dara, ta kuma je ta gaya wa malaminsa halin da ake ciki domin a ba shi kujera, kada a sa shi tsallen kwaɗo ko zaman harɗe ƙafa. Bayan shekara biyu da rabi hoto ya nuna ƙashin ya cika, aka ce ya ajiye sanduna. Bai buƙaci tiyata ba, domin waɗanda cutar ta kama da ƙananan shekaru sun fi saurin gyaruwa. Waɗanda suka kai 8 ko fiye sau da yawa sai an yi musu aiki an daidaita zaman ƙashin.

Ba kowane ɗingishi ne wannan cuta ba. Idan akwai zazzaɓi mai zafi kuma yaro ya kasa taka ƙafar sam, wataƙila mugunya ce ta taru a gaɓar, wadda takan lalata ta cikin 'yan kwanaki, don haka a tafi asibiti a ranar. Mai sikila kuma shi ma jini yakan yanke wa kan ƙashin cinyarsa, saboda haka a faɗa wa likita tun farko idan yaron yana da ita. Akwai likitocin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe, sannan ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Aikin gida: kowa ya ɗauko katin asibiti na wani yaro a gidansa, ya nemo ranar komawa da aka rubuta, ya kwafe ta a littafinsa, rana da wata da shekara, ya zo da ita aji mu karanta tare.