Yadda ake karanta ramukan harsashi a takardar gasar harbi mai nisa

Ɗan ƙanena, wanda ke aikin ɗamara kuma yake cikin 'yan wasan harbi na rundunarsu, ya same ni a zaure a Ƙofar Ƙaura ta Katsina da wata takarda naɗe a hannu. Bayan gaisuwa ya shimfiɗa ta a tabarma, ya ce, "Baba, madubin bindigar nan ya mutu, dubi abin da ya yi min a mita 300." Na duba. Ramuka goma ne, shida sun dunƙule wuri guda, huɗu sun koma gefe sun dunƙule su ma. Na ce masa, "Ɗana, kafin ka kai ƙarar madubi, je ka taɓa sukurorin da suka riƙe shi." Kashegari ya bugo waya yana dariya, ɗaya ya kwance.

Maganar da zan yi ta filin gasa ce, inda akwai jami'in fili da tudun ƙasa a bayan takarda. A dokar makamai ta Najeriya ko bindigar iska sai da lasisi, balle ta harsashi.

Mataki na farko: tara shaida. Harbi uku ba ya faɗin gaskiya, sa'a kaɗai tana iya haɗa uku wuri ɗaya. Yi goma, da harsashi iri ɗaya daga kwali ɗaya, kada ka taɓa maɓallan saiti har ka gama. Ka sa abokinka ya zauna da madubin hangen nesa da biro, yana rubuta inda na ɗaya ya faɗa, da na biyu, har na goma. Wannan jerin shi ne rabin aikin, kuma shi ne abin da yawancin matasa ke yi wa kasala. Kai ma bayan kowane harbi ka faɗi inda kake jin ya tafi tun kafin a duba. Idan ka ce dama kuma ya tafi dama, bindiga ta fita daga zargi.

Sannan ka auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami, tsakanin biyun da suka fi nisa da juna. Ma'aunin da 'yan gasa ke kira MOA kusan santimita 2.9 ne a mita 100, wato kusan 8.7 a mita 300, kusan 17 a mita 600. Don haka bazuwar santimita 9 a mita 300 daidai take da ta santimita 3 a mita 100, ba abin tayar da hankali ba ce.

Mataki na biyu gajere ne: dubi kowane rami shi kaɗai. Rami mai kyau zagayayye ne. Idan ya yi tsawo kamar ƙwai, harsashin a karkace ya isa, bai samu juyin da zai tsayar da shi ba. Ko dai ya yi wa murɗin cikin bututun bindiga, wanda ke juya shi, tsawo, ko bakin bututun ya samu rauni, ko bututun ya cinye. Wannan aikin mai gyaran makamai ne, ba a warware shi a kwance a fili.

Mataki na uku: dubi siffar taron gaba ɗaya.

Idan ramukan sun jeru daga ƙasa zuwa sama kamar tsani, koma ga lambobin abokinka. Na ɗaya a ƙasa, na biyu sama da shi, a haka a haka? Zafi ne. Bututu ya ɗumama yana motsi, wataƙila yana gugar katakon da ke ƙarƙashinsa. A bindigar da aka ƙera bututunta ya tsaya bai taɓa komai ba, zura takardar naira ɗari tsakanin bututun da katakon ka ja ta baya. Inda ta maƙale, nan matsalar take. A watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, akwai ƙarin abu: harsashin da aka bari a rana, ko wanda ya daɗe cikin bindiga mai zafi kana jiran iska ta lafa, ya fi 'yan uwansa gudu, sai ya faɗa sama. Ka ajiye kwalinka a inuwa.

In kuwa lambobin a hargitse suke, sama, ƙasa, sama, to abu biyu ake zargi. Ko kai ne, numfashinka da yadda kake danna gindin bindiga a kafaɗa ba sa zama iri ɗaya, ko gudun harsasan ne ya bambanta. Raba su ba wuya. Dawo mita 100. Idan taron ya dunƙule a nan amma yana miƙewa a mita 600, harsashi ne, domin bambancin gudu sai a nesa yake fitowa fili. Idan a mita 100 ma tsanin yana nan, gyara kwanciyarka.

Jeri daga hagu zuwa dama kuma, kowa iska yake ɗora wa laifi, kuma sau da yawa da gaskiyarsa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, tana busawa tana lafawa, kuma turin da take yi wa harsashi ba ya tafiya daidai da nisa: ka ninka nisa biyu, turin ya ninka kusan huɗu. Kafa tsummoki a kan sanduna, ɗaya kusa da kai, ɗaya a tsakiya, ɗaya kusa da takarda, ka riƙa harbi sai sun koma yanayi ɗaya. Amma idan da asuba ne, ganye ko motsi ba ya yi, kuma jerin yana nan, to yatsanka ne ke fizgar kunama. Ka sa abokinka ya cusa harsashin gwaji marar albarushi cikin na gaske ba tare da ka san inda yake ba. Ranar da ka ja kunama a kansa ka ga bakin bindiga ya zabura, ba sai an yi maka bayani ba.

Akwai kuma zaman ido. Kafa bindigar a kan buhun yashi, ka motsa kanka kaɗan ba tare da ka taɓa ta ba. Idan giciyen da ke cikin madubi yana yawo a kan takarda, ba a daidaita madubin da wannan nisan ba, kuma duk sauyin da kuncinka ya yi sai ya bayyana a takarda.

Jeri a karkace ya fi rikita mutane. Wanda ya kishingiɗar da bindiga dama, harbinsa dama yake tafiya ya ɗan yi ƙasa. Zare da aka ɗaure wa dutse aka rataya kusa da takarda ya isa ya nuna maka ko giciyenka a miƙe yake. Sai dai iska ma tana yin nata. A bututu mai murɗin dama, iskar da ta fito daga dama tana kai harsashi hagu ta ɗan ɗaga shi, ta hagu kuma ta kai shi dama ta ɗan sauke shi. Shi ya sa 'yan gasar mita 50 suka saba ganin jeri daga ƙarfe goma zuwa ƙarfe huɗu, in an ɗauki takardar kamar fuskar agogo.

Taro biyu irin na ɗan ƙanena, wani abu ne ke komawa tsakanin mazauni biyu: sukurun madubi, sukurun da ya haɗa ƙarfe da katako, ko kai da ka tashi ka sake kwanciya bayan na shida. Rami ɗaya da ya ware shi kaɗai kuwa, in na farko ne, bututu mai sanyi ne ko mai sauran man goge. In na tsakiya ne kuma ba ka ji ka yi kuskure ba, kada ka soke shi don takarda ta yi kyau, lissafa shi.

Kawalwalniya ba na barin ta a baya, don mu nan ita ce abokiyar zamanmu. Daga hantsi ƙasa ta ɗauki zafi, hoton takarda sai ya riƙa rawa, ka saita inda baƙin ɗigon tsakiyar takardar ba ya nan. Gwajin bindiga da sassafe ake yin sa.

Mataki na ƙarshe: sauya abu ɗaya tak, ka sake goma. Ka fara da abin da ba ya cin kuɗi, wato sukurori, sai kwanciyarka, sai kwalin harsashi. Idan har yanzu ba ta warware ba, miƙa bindigar ga wanda ya fi ka hannu ya yi nasa goman a sabuwar takarda, ku ajiye biyun gefe da gefe, kowacce da kwanan wata da sa'a da nisa rubuce a kusurwarta.